Marigayi Alhaji Abubakar Imam: Matashin Malamin Da Gasar 1933 Ta Fito Da Shi

Abu ne mawuyaci a shiga ɗakin karatu na wata makaranta a birnin Kano, ko Katsina, ko Zariya, ko Sakkwato, a duba wajen da aka jera littattafan Hausa, a rasa Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce. Sau da yawa ma su ne akan tarar bangonsu ya fi na saura tsufa, saboda sun fi shan hannu. Amma ɗalibai da yawa da ke aron waɗannan littattafai ba su san cewa wanda ya rubuta su shekararsa 22 kacal ba ne a lokacin da ya rubuta na farkon, kuma wata gasa ce da aka shirya don sama wa makarantu abin karantawa ta zama sanadin fitowarsa. Wannan mutum shi ne marigayi Alhaji Dakta Abubakar Imam, editan farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Gidansu gidan malamai ne waɗanda asalinsu daga Barno ne, mahaifinsa kuwa, Malam Shehu Usman, alƙali ne. Saboda haka tun kafin ya san baƙaƙen boko ya riga ya fara karatun allo, ya kuma tashi yana ganin littattafan Larabci a gaban manyansa.

Wanda ya fi kowa tasiri a kan rayuwarsa ta ƙuruciya shi ne wansa, Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda ya girme shi da kimanin shekara 20. Malam Bello yana cikin waɗanda suka yi karatu a makarantar Nasarawa ta Kano, wadda Baturen nan Hanns Vischer, da aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909. Daga baya ya zama malamin Larabci da addini a Kwalejin Katsina. Shi ne ya ɗauki ƙanensa ya riƙe shi a Katsina, ya sa shi makarantar boko, yana kuma ci gaba da karantar da shi ilmin addini a gida.

A 1927 Abubakar Imam ya shiga Kwalejin Katsina, wadda a wancan zamani ita ce ƙololuwar ilmin boko a Arewa baki ɗaya. Ya yi zamani a can da Malam Ahmadu Raɓah, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Malam Abubakar Bauchi, wanda duniya ta sani da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina. Ya fito ke nan da harsuna uku a hannunsa, wato Hausa da Larabci da Turanci, kuma dukkansu sun yi masa rana a aikin da ke jiransa.

MAKARANTU BA ABIN KARANTAWA

Kafin a fahimci muhimmancin gasar 1933 sai an dubi halin da makarantun boko suke ciki a lokacin. Ƙasar Hausa ba baƙuwar littafi ba ce. A cikin birnin Kano, tun ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su ci garin a 1903, akwai unguwannin malamai irin su Madabo, inda ake adana littattafan fiƙihu da tauhidi da nahawu a cikin gafaka, ana kwafarsu da hannu, ana gadonsu daga uba zuwa ɗa. Akwai kuma waƙoƙin wa'azi na Hausa da aka rubuta da ajami. Amma duk wannan dukiya da Larabci take ko da ajami, kuma mafi yawanta ta shafi addini da shari'a.

Yaron da aka koya wa boko a makarantar elementare kuwa, da zarar ya iya haɗa baƙi ya gama ɗan littafin aji, sai ya rasa abin da zai ci gaba da karantawa. Wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, ba a daɗewa karatun ke gudu ya bar shi. Don magance wannan matsala Gwamnati ta kafa Hukumar Fassara a Kano a 1929, daga baya aka mayar da ita Zariya. Hukumar ta fitar da littattafai irin su Labaru Na Da Da Na Yanzu da Labarun Hausawa Da Maƙwabtansu, waɗanda aka fassaro mafi yawansu daga tsofaffin takardun Larabci. Littattafai ne masu amfani, amma na tarihi ne. Ba a sami labarin da Bahaushe ya zauna ya ƙaga da kansa, da rubutun boko, don mai karatu ya ji daɗi ba.

GASAR SHEKARAR 1933

Shugaban hukumar, Dakta Rupert East, shi ne ya ga ya kamata a jarraba gasa. A 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana ganawa da malamai da ma'aikatan En'e, yana roƙonsu su rubuta ƙagaggun labarai, da alkawarin za a ba waɗanda suka yi fice kyauta, a kuma buga littattafansu. Aikin bai zo masa da sauƙi ba. A wani bayani da ya rubuta daga baya ya nuna cewa malamai da yawa suna ganin ƙaga labari aikin mata da yara ne, irin tatsuniyar da ake yi da dare, ba abin da mai ilmi zai ɓata tawadarsa a kai ba.

Duk da haka an sami waɗanda suka amsa kira, aka zaɓi littattafai biyar aka buga. Su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, mutumin ƙasar Kano, da kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Abin lura a nan shi ne, Imam da Ɓalewa duka ba su daɗe da barin benci ba, kuma gida ɗaya ya fitar da marubuta biyu daga cikin biyar ɗin.

Ruwan Bagaja labari ne na wani Alhaji Imam, mutumin Kwantagora, wanda ya bar gida ya shiga duniya neman wani ruwa mai warkarwa don a yi wa ɗan sarki magani. A kan hanya yakan yi ta karo da wani hatsabibi, Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya yi wa wancan wayo, gobe wancan ya rama. Abin da ya ja hankalin masu karatu shi ne sauƙin Hausarsa, da ban dariyarsa, da yadda mutanen cikinsa ke magana kamar yadda ake yi a kasuwa da zaure. Irin wannan littafi ne yaro kan ɗauka ba tare da malami ya tsaya kansa da bulala ba.

WATA SHIDA A ZARIYA

Da abin ya tsaya ga karɓar kyauta, da wataƙila an sami littafi ɗaya ne kawai, malamin ya koma ajinsa. Abin da ya biyo bayan gasar shi ne ya mayar da shi marubuci na haƙiƙa. East ya lura da baiwar da Allah ya yi wa wannan saurayi, sai ya nemi a ba da aronsa daga Katsina. A 1936 Imam ya tafi Zariya ya yi wata shida, ba shi da wani aiki sai karatu da rubutu.

East ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, na Larabawa da na Indiya da na Turai. Imam yakan karanta, ya zaɓi abin da zai dace da Hausawa, ya rubuta, sa'an nan su zauna tare su bi abin da ya rubuta, a gyara inda ya yi tsawo, a cire abin da bai ƙara wa labari komai ba. Shi kansa Imam bai ɓoye ba har ƙarshen rayuwarsa cewa a wajen East ya koyi dabarun tsara labari a rubuce. Daga wannan zama ne aka sami Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939 don amfanin makarantu.

An gina littafin ne a kan wani aku mai hikima a fadar Sarki Abdurrahman. A littafi na ɗaya akun yana tsare ɗan sarki, Musa, da labarai dare bayan dare, don hana shi fita ya faɗa tarkon da waziri ya ɗana masa. A na biyu ya yi gasar ba da labari da wani aku, a na uku kuwa, bayan ya zama waziri, yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Ta haka aka saƙa labarai masu yawa a cikin labari ɗaya, kowanne da darasinsa, ba tare da mai karatu ya ji ana yi masa wa'azi ba.

MAGANAR ARO

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna bin diddigin inda Imam ya samo labaransa, kuma ba abin ɓoyewa ba ne cewa da yawa daga cikinsu aro ne. An nuna cewa Malam Zurƙe ya yi kama da Abu Zaidi na cikin Muƙamatul Hariri, littafin da manyan ɗaliban Larabci ke karantawa a zaurukan malamai. An kuma gano cewa tsarin aku mai ba da labari don hana wani fita ya samo asali ne daga wani tsohon littafin Indiya, wasu labaran kuma daga Dare Dubu Da Ɗaya suke, wasu daga tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm. Farfesa Ibrahim Malumfashi yana cikin waɗanda suka yi bincike mai zurfi a kan wannan batu.

Wasu na ganin wannan ya rage wa marubucin daraja, tunda ba shi ya ƙagi ƙashin labaran ba. Wasu kuma na cewa gwanintar tana wajen abin da ya yi da abin da ya aro. Ya ɗauko labarin da aka yi a wata ƙasa mai nisa, ya sa masa sarki da waziri da alƙali da dogarai, ya ba mutanensa sunayen Hausawa da halayensu, ya cika bakinsu da karin magana da habaici, har ya zamana mai karatu zai rantse a bayan gidansu abin ya faru. Ko wane ɓangare mutum ya bi, abu ɗaya ya tabbata: ba domin ya yi karatu mai faɗi ba, da bai rubuta abin da ya rubuta ba. Littattafan gidan wansa, da na kwaleji, da waɗanda East ya tara masa, su ne jarin da ya juya.

EDITAN GASKIYA

Bayan ya koma Katsina na ɗan lokaci, an sake kiransa Zariya, wannan karo don zama na dindindin. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, aka naɗa shi editan Hausa, yana da shekara 28 ko ƙasa da haka. Ana sayar da jaridar kwabo ɗaya, kuma ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ke yawo a gabanin Yaƙin Duniya na Biyu. Imam ya riƙe wannan aiki fiye da shekara goma.

A hannunsa jaridar ta zama makaranta ga dubban mutanen da ba su wuce elementare ba. Ta bayyana musu yadda yaƙin ke tafiya, ta buɗe fili ga wasiƙun masu karatu, inda malaman makaranta da akawuna da 'yan kasuwa suke faɗin ra'ayinsu game da al'amuran ƙasa. Ta kuma taimaka ƙwarai wajen daidaita rubutun Hausa da samar da kalmomi ga sababbin abubuwa. Aikin yana da wuyar sha'ani, domin jaridar ta Gwamnatin Turawa ce, sarakuna suna sa mata ido, matasa 'yan boko kuma suna son ta faɗi abin da ke ransu. Masu ra'ayin sauyi sun sha zarginsa da sassauci, wasu masu mulki kuma suna ganin yana ba talakawa baki fiye da kima.

A 1943 yana cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da Dakta Nnamdi Azikiwe. A can ne Azikiwe ya shirya takardar neman a tsai da lokacin ba da mulkin kai, Imam kuwa bai sa hannu ba, don yana ganin Arewa tana baya ƙwarai a ilmin zamani, kuma ba wanda ya wakilta shi ya yi magana da yawunta. Amma da ya gana da Lord Lugard, tsohon Gwamnan Nijeriya, bai rufe masa komai ba game da gyaran da mulkin En'e ke bukata, da ƙarancin makarantu, da yadda ake ƙin jin shawarar matasa masu ilmi. Ya kuma rubuta masa waɗannan abubuwa a wasiƙu. Labarin wannan tafiya shi ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944.

SIYASA DA AIKIN GWAMNATI

Imam yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tun tana ƙungiyar al'adu kafin ta zama jam'iyyar siyasa. A 1951 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa, daga nan ya tafi Majalisar Wakilai ta Ikko. Sai dai bai daɗe a fagen siyasa ba. Ya koma aikin littattafai a hukumar NORLA ta Zariya, wadda aka kafa a zamanin Yaƙi da Jahilci don wadata sababbin masu karatu da littattafai da ƙananan jaridun larduna.

Daga baya ya zama kwamishina a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, a daidai lokacin da ake ƙoƙarin cike guraben Turawa da 'yan ƙasa, kuma a ƙarshen rayuwarsa ta aiki ya riƙe muƙamin Kwamishinan Sauraron Koke-koken Jama'a a Jihar Kaduna. Duk da waɗannan ayyuka bai ajiye alƙalami ba. Shi da East sun rubuta Ikon Allah, wanda ke bayyana halittu da kimiyya cikin Hausa mai sauƙi, ya kuma rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, da littattafai a kan tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tarihin Musulunci. An ba shi lambobin girma na OBE da CON, Jami'ar Ibadan kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

RASUWARSA DA ABIN DA YA BARI

Allah ya yi wa Alhaji Abubakar Imam rasuwa a Zariya ranar 19 ga watan Yuni, 1981, yana da shekara 70. A 1989 kamfanin NNPC na Zariya ya buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara. An fassara Ruwan Bagaja zuwa Turanci, an kuma mayar da labaran Magana Jari Ce wasan kwaikwayo a talabijin cikin shekarun 1980. Har yau ana nazarin littattafansa a makarantun sakandare da jami'o'i.

Hanyar da aka bi aka gano shi ma ba ta mutu ba. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin NNPC ya shirya wata gasa wadda ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, haifaffiyar birnin Kano, aka buga su a 1980. Gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya kuma ta fito da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasan Kano, maza da mata, suka fara buga littattafansu da kuɗinsu ba tare da jiran wata hukuma ba, har birnin ya zama cibiyar ƙagaggun labaran Hausa. Sashen Hausa na BBC shi ma ya fara gasar Hikayata ta mata a 2016.

Tarihin marigayin yana da abin dubawa ga hukumomin ilmi da shugabannin makarantu. Abu uku ne suka haɗu suka fito da shi: littattafan da ya samu ya karanta tun yana yaro, da gasar da ta ba shi dalilin gwada kansa, da kuma wanda ya zauna da shi bayan gasar ya gyara masa aiki, ya buga, ya kai makarantu. Sau da yawa akan yi na biyun a manta da na farko da na ƙarshe. A tara jama'a, a ci abinci, a miƙa wa yaro kyauta, a tafa masa, washegari ya koma makarantar da ɗakin karatunta ke kulle ko ba kowa a ciki sai ƙura, rubutunsa kuma ya ƙare a aljihun tebur. Wata shidan da aka kashe a kan Abubakar Imam a 1936 ba wani kuɗi mai yawa ya ci wa Gwamnati ba, amma kusan shekara 90 ke nan makarantu suna cin amfaninsa.

Ga ɗalibai kuwa, ya isa su tuna cewa wanda ya rubuta Ruwan Bagaja bai fi yawancin 'yan jami'a na yau shekaru ba, kuma da dare yake rubutunsa ko da rana, yana da aji da yake koyarwa. Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.